Ninkin Laya

Ranar zaɓen da ya wuce na fita, duk da gwiwar nan tawa da ba ta son tafiya. Ba don ina da wani gwani ba. Fuskokin da aka manna a bangon gidanmu ban san ko ɗaya ba, an liƙa wannan a kan wancan har bangon ya ƙara kauri. Na fita ne don zaman gida ranar zaɓe ya fi fitar yi mini wuya. Na bi layin mata a firamaren garinmu, aka karɓi katina, aka ɗora babban yatsana a kan wata na'ura. Ta ƙi shi. Aka goge aka sake ɗorawa, ta kuma ƙi. Malamar zaɓen ta ce tsufa ne ya shafe zanen yatsan, sai aka haska fuskata a maimakonsa. Na ce a raina, na'urar nan ta fi mutanen garinmu sanin hali. Da ta miƙo mini takardar sai ta ce, yadda take ce wa kowa, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Inna, in kin dangwala ki bari ya bushe kafin ki ninke." Magana ce ta numfashi ɗaya. Na tsaya riƙe da takardar har ta bayana ta fara tsaki, don ni na san abin da rashin wannan maganar ya ci a garin nan.

Wanda ya san garinmu yau ba zai yarda a da gari biyu ne ba. Akwai Cikin Gari, inda dagaci yake da malamai da masu gonakin gado. Akwai Masaƙa, unguwar masu saƙa, waɗanda kakanninsu suka zo daga baya suka tarar an gama rabon ƙasa. Burtalin shanu ne ya raba mu. A ƙasarmu ba a barin gona ta huta, ko tafin hannu ba ya zama banza. Iyakar gona shingen lalle ne, da rani kuma jakuna ke wucewa da mangala cike da taki daga birni. Da asuba za ka ji guga ya faɗa rijiya, sai luguden daka ya ɗauka daga gida zuwa gida, hantsi na yi kuma sai ƙarar ƙoshiya ta taso daga rumfunan masaƙa, har ka iya gane saƙar wane ce da kunne. Yanzu burtalin ya zama titi. Gonakin an yanka su fuloti-fuloti, inda dawa ke tsayawa bulo ne ke tsaye, abin da ke tashe ni da safe kuwa injin markaɗe ne da hon ɗin Adaidaita. Ba na cewa da can aljanna ce. Yawancin mutanen Masaƙa gonar aro suke nomawa daga hannun 'yan Cikin Gari, kuma wanda ke noma gonar aro ko tarinsa a hankali yake yi.

Ni 'yar Cikin Gari ce. Mahaifina malami ne, yana rubuta laya, tun ina ƙarama kuma ni ke ninke masa, don ya ce yatsuna sun fi na maza tsabta. Ana kifa rubutun ne ciki, a haɗa baki da baki, a danne da farce, a sake ninkewa a sake dannewa, har takarda ta koma kamar ƙwayar gurjiya. Yakan ce, "Rubutu ba ya son ido." Ina alfahari da ninkin nan ba kaɗan ba. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karatun boko gwargwado, kan ya ƙara girma. Da aka kai ni aure Masaƙa, ba a kirana da sunana, sai 'Yar Malam, ni kuwa ina amsawa da wuya a miƙe.

A can na samu Hansai. Ita ce uwar ɗakina, ita ta koya mini zaman unguwar. Doguwa ce baƙa, mai sana'ar daddawa, in ta yi dariya ana ji har burtali. Amma ba da daddawa aka fi saninta ba. Ita ke wankan gawar mata, a Masaƙa da Cikin Gari duka. In aka ga ta fito da ƙwaryarta da ganyen magarya an san an yi rashi. Tsofaffi kan ce mai wankan gawa ba ta da baki, kuma tsawon shekarun da ta yi tana aikin ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin kowa ba. Mahaifiyata, wadda ba ta cika yabon mutum ba, ta sha cewa, "Ranar da na tafi, Hansai za ku kira mini, kada ku kawo mini wata."

Zaɓe a wancan zamanin ba ya buƙatar boka. Mu da alama muka san jam'iyyu, kuma biyu ne masu ƙarfi a wajenmu, masu Rumbu da masu Guga. Cikin Gari Rumbu ce, domin inda dagaci ya karkata nan suke zuba. Masaƙa Guga ce tun kakanni, domin haushin aron gona ba ya da inda zai fita sai a akwati. Haka sauran ƙauyukan mazaɓar suke, kowace unguwa an san inda ta dosa tun kafin a buga takardu. Mai gida in ya zaɓa, ya zaɓar wa 'ya'yansa da barorinsa. Ɗan takara ba ya ɓata takalminsa zuwa inda ba nasa ba. Mata kuwa an ce doka ta ba mu dama, amma a garinmu babu namijin da ya taɓa barin matarsa ta je ta tsaya a layi. Yau ba haka ba ne. Gida ɗaya sai ka tarar da fosta uku, wanda ya zagi jam'iyya da safe da yamma yana sanye da hularta, ba don mutane sun waye ba, don dai babu wanda ya yarda da kowa.

Sai ga shekarar da yayana, Yaya Sale, ya fito takarar majalisa. Malamin gona ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke, siriri mai saurin fushi da saurin kuka. Abin da ya girgiza gari shi ne a Guga ya fito, shi da yake ɗan Cikin Gari. Ya ce ya gaji da ganin mutum ya yi shekara ashirin yana zuba taki a gona, rana ɗaya a ce masa ya tashi. Masu Rumbu kuma suka tsayar da wani Alhaji ɗan kwangila da ke zaune a birni, wanda sau ɗaya muka ga ƙeyarsa ta tagar mota. Cikin Gari ba su bi ɗansu ba, sun ce Rumbu suka gada. Yaya Sale ya zauna ya auna ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ya ga mazan sun yi kunnen doki. Ya zo gidana da hantsi, ya zauna a bakin turmi, ya ce, "Ƙanwata, in matan Masaƙa suka fito, na ci. Mazansu sun yarda. Amma ba su taɓa riƙe takarda ba. Ke ce mai karatu, ke za ki koya musu." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ƙaramin alhaki ne. Lokacin ina da cikin fari, wata shida.

A tsakar gidan Hansai muka yi makarantar, don ita mata ke jin kira. Kullum bayan azahar za su taru da mazarinsu da audugarsu, suna kaɗi ina koyarwa. Na yayyanka takardar buhun siminti, na zana alamomin da gawayi a jere daga sama zuwa ƙasa yadda Yaya Sale ya nuna mini, Guga can wajen sama, Rumbu can wajen ƙasa. Tawadarmu baƙin tukunya ne. Mace ta shafa yatsa a gindin tukunya ta dangwala a gefen Guga, sauran su yi mata guɗa. An sha dariya a gidan nan. Wata tsohuwa ta ce gugan da na zana ya fi kama da kan mijinta. Amma ƙarƙashin dariyar akwai tsoro, kuma Hansai ce ta faɗe shi.

"'Yar Malam, an ce mutanen dagaci za su zauna kusa da akwatin. In suka hango inda muka dangwala fa? Gonar da muke ci ta mutanensu ce."

"Uwar ɗakina, ba mai gani," na ce. "Zan koya muku ninkin da ko aljani ba ya karantawa."

Na ɗauki takarda na kifa ta ciki, na haɗa sama da ƙasa, na danne da farce, na sake, na sake. Suka yi ta mamaki. Kwana da kwanaki ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina gyara musu, ina cewa su yi maza su ninke tun kafin wani ya leƙo, su danne da ƙarfi. Baƙin tukunya busasshen abu ne, ba ya bin takarda, don haka ko sau ɗaya ba mu ga wata matsala ba. Akwai abin da na manta. Mahaifina ba ya miƙo mini laya sai ya barbaɗa mata rairayi ya kaɗe, ko ya shanya ta a gefen buzu ta sha iska. Shi ke wannan, ni ninki kawai nake yi. Rabin sana'ar na iya, na ɗauka duka ce.

Ana saura 'yan kwanaki mutanen Alhaji suka sauke sabulu da gishiri a ƙofar gidan Hansai, suka ce a raba wa mata. Ba ta taɓa ba sai da ta aika aka kira Yaya Sale ta tambaye shi. A gabana ya yi dariya ya ce, "Ku karɓa mana, Hansai. Haƙƙinku ne ya dawo. Ku wanke da sabulunsa, ku zaɓi naku." Aka raba da rana tsaka, kowa na gani.

Ranar zaɓe matan Masaƙa suka fito kamar ranar salla. Hansai a gaba, mayafai na kaɗawa, muka tsallaka burtali zuwa firamare, mazan Cikin Gari sun yi cirko-cirko suna kallo. Ban taɓa jin girman kaina kamar na wannan safiyar ba. Na tsaya ina jera su, ina tuna wa kowace, don haka ni ce kusan ta ƙarshe. Da na shiga bayan zanan da aka kewaye, na tsoma yatsa a tawadar hukuma, sai na ji ta da danshi da kauri kamar man shanu. Na dangwala a Guga, na ninke, na danne. Ban san abin da ya sa na sake buɗewa ba, wataƙila don in ƙara kallon aikina. Yatsa biyu na gani. Ɗaya a Guga inda na sa, ɗaya kuma a Rumbu, daidai inda ninkin ya haɗa su, shar da shi kamar da gangan aka yi. Na ji ɗan da ke cikina ya motsa. Na leƙa ta kafar zanan, na ga mata sun gama, suna zaune a inuwar darbejiya suna nuna wa juna yatsunsu suna dariya. Na mayar da ninkin yadda yake, na fito, na jefa a akwati. Hansai ta ce, "Yaya dai, 'Yar Malam?" Na ce rana ce ta buge ni.

Bayan la'asar aka zazzage akwatin a kan tebur. Mata ba sa zuwa ƙirga, amma mu kaɗan muka laɓe a bayan katangar makarantar. Takardun maza a sake suke, nan da nan aka ware su. Namu kuwa sai da malamin zaɓen ya yi ta fama da farce kafin ya warware kowace. Baƙo ne, daga wani gari aka turo shi. Ya ɗaga ta farko, ejan ɗin Rumbu ya yi ihu, "Lalatacciya!" Ya ɗaga ta biyu, haka. Ta uku, haka. Tun ana ihu har aka koma shiru, sai ƙarar warware takarda kawai. Na ji malamin ya ce a hankali, "Anya wannan ba ninki ba ne?" Amma ejan ɗin ya taso masa, ya ce doka ba ta san ninki ba, yatsa biyu yatsa biyu ne. Mutanen Guga kuma fushi ya rufe musu kunne. Malamin ya tattara kayansa ya hau mota kafin magariba, ba mu sake ganinsa ba. Washegari labari ya zo daga hedikwata cewa Alhaji ya ci, kuma tazarar ba ta kai tulin takardun da aka zubar a akwatinmu ba.

Mutane ba sa iya zama da asara sai sun samo mata uwa. Kafin kasuwa ta sake ci an gama shari'a: matan Masaƙa sun ci sabulun Alhaji, sun kuma yi wa Sale alkawari, sai suka dangwala wa kowa don kada su saɓa wa kowa. Wa ya kitsa musu? Wadda aka sauke kaya a ƙofarta. Matan suka yi ta rantsuwa sau ɗaya suka dangwala, mazansu suka ce to aljani ne ya yi na biyun? Wasu sun sha duka a kan haka. Da wuya ta yi wuya, wasu daga cikin matan suka fara cewa ai Hansai ce ta riƙe musu hannu, alhali ko kusa da zanan ba ta je ba sai da layinta ya zo. Ni babu wanda ya kalla. Wa zai zargi ƙanwar ɗan takara? Har jaje ake zuwa yi mini. Wani maroƙi da Yaya Sale ya saba yi wa alheri shi ya fara kiranta a kasuwa, "Hansai Yatsa Biyu, kin ci na Rumbu kin sha na Guga!" Aka yi dariya, sunan ya zauna.

Na ce zan faɗa in ƙura ta lafa. Sannan na ce bari in haihu tukuna. Yaya Sale ya sayar da gonar gadonsa a kan takarar nan, ya rame, ba ya fita, ina tsoron in ya ji daga bakina ba zai sake kallona ba. Wannan ita ce gaskiyar, tsoro ne da son kai, ba wani abu ba. A halin nan daddawar Hansai ta daina fita, sai ta kai ta kasuwar Ɗambatta inda ba a san ta ba. Aka daina aika mata goron biki. Ranar da na haihu ita ta zo ta dafa mini ruwan wanka, kwana arba'in ba ta fasa ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba.

Bayan damina biyu mahaifiyata ta rasu, da hantsi. Kafin a aika, Hansai ta ji, ta tsallako burtali da ƙwaryarta da ganyen magarya. Ina tsaye daga cikin zaure, ina ganin komai. Yaya Sale ya tashi daga cikin maza ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Inna ta bar wasiyya, Malam Sale. Kai ma ka sani."

"Wadda ba ta riƙe amanar takarda ba, ba za ta riƙe ta uwata ba. Koma."

Ta ɗaga ido ta tsallake kafaɗarsa ta dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, ba kuma na fushi ba, jira kawai take. Liman na nan, dagaci na nan, duk wanda ya kamata ya ji yana zaune a ƙofar gidan. Na ja mayafi na rufe fuskata kamar kukan uwata ne ya ci ƙarfina. Da na buɗe, ta ajiye ganyen magaryar a bakin zaure ta juya. Wata mata da ba ta iya ba ita ta wanke mahaifiyata. Daga ranar babu gidan da ya sake kiran Hansai, har a Masaƙa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Alhaji ya yi zamaninsa, ba mu gan shi ba sai a kalanda. Waɗanda suka biyo bayansa ma haka, na Rumbu da na Guga da na alamomin da suka zo daga baya. Gonakin aron da Yaya Sale ya so ya tsare, masu su suka sayar wa 'yan birni. Rumfunan saƙa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa bai sake takara ba, ya tsufa da ɗacin rai, in an ambaci mata da zaɓe sai ya tofar da yawu. Na yi jinyarsa da hannuna, ina ba shi kunu a baki, amma ban faɗa masa maganar ba har aka rufe masa ido. Mijina ya rasu, na koma gidan ɗana a sabuwar unguwa can bakin titi. Da gari ya haɗe, masu Adaidaita suka buƙaci sunan da za su riƙa kiran kwanar da ke ƙofar gidan Hansai, sai suka ɗauki wanda suka tarar. Yau har a jikin shagon mai cajin waya an rubuta shi da fenti: Kwanar Yatsa Biyu.

Maganar malamar zaɓen nan ita ta hana ni sukuni. Bayan kwana uku na shirya na tafi gidan Hansai. Na tarar da ita kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, idon ya tafi, doguwar matar nan ta koma kamar ƙullin kaya. Ta gane muryata tun daga sallama. Muka gaisa, na zauna, na kama hannunta na ce, "Uwar ɗakina, na zo da wata magana da ta daɗe."

"Ta ninki?" ta ce.

"Kin sani?" na ce.

"Tun a ranar na sani. Da na danne tawa sai na ga tawadar ta ɓullo ta bayan takardar, wuri biyu. Na ce wa kaina ƙila tawa ce kaɗai. Da kika fito daga bayan zana na ga fuskarki, na san ba tawa kaɗai ba ce."

"Me ya hana ki faɗa? Da kin wanke kanki."

"Wa zai yarda? A ce mai laifi ta ɗora wa 'yar malamai? Kuma kina da ciki. Ni kuma, 'Yar Malam, aikina ke nan, in ga abu a jikin mutum in rufe." Ta juyo da fuskarta wajena. "Amma kada ki ɗauka ban jira ba. Na jira ki haihu. Na jira ranar Innarki. Ranar nan kam na ji zafinki, har yau ban daina ji ba."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa ina kuka, ni da na yi jika.

"Ni ba ni ce ban sani ba," ta ce. "Kin kawo labari inda ba a buƙatarsa. Jikokina a makaranta 'yan gidan Yatsa Biyu ake ce musu. Ranar Juma'a mai zuwa akwai suna a gidan nan, mata za su taru. Ki zo ki faɗa a gabansu ina ji. Sannan ki tambaye ni yafiya."

Na yi mata alkawari. Ranar Juma'ar gwiwata ta kumbura, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kumburin. Na aika da turmin atamfa na ce a gaishe ta, in Allah ya kai mu wani taron. Ba a yi wata guda ba aka aiko ta rasu.

A zaman makoki na faɗa. Tsakar gidan nan da muka yi makaranta cike take da mata. Na dafa bango na miƙe, na ce ina da shaida a kan mamaciya. Na ba su labarin daga baƙin tukunya har zuwa bayan zana, na ce Hansai ba ta ci amanar kowa ba, ni ce na koya wa mata ninkin da ya ɓata ƙuri'unsu, na sani kuma na yi shiru. Na gama na tsaya ina jiran a zage ni. Na duba fuskokin, sai na ga babu ko ɗaya daga cikin matan da suka yi kaɗi a wurin nan, duk sun riga mu. Waɗanda ke zaune 'ya'ya ne da jikoki da baƙin da suka sayi fuloti. Wata ta tambayi ta kusa da ita, "Wane zaɓen take nufi?" Wata ta ce ita ta ɗauka ai cindo tsohuwar take da shi, shi ya sa ake kiran wurin haka. Surukar Hansai ta taso ta kama kafaɗata ta zaunar da ni, ta ce, "Allah sarki, Inna, rashin ya taɓa ki. Ku kawo mata ruwa." Aka kawo mini ruwa a leda, aka ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ranar addu'ar bakwai na sake shiri. Na fito bakin titi na tsayar da mai Adaidaita, wani magidanci mai furfura a gemu. Ya ce, "Ina zuwa, Inna?"

"Gidan Hansai."

"Wace Hansai?"

"Hansai mai daddawa, ta Masaƙa. Mai wankan gawa."

Ya girgiza kai. "Shekara goma ina bin hanyar nan, ban san wurin ba. Ba shi da wani suna?"

Na ce ya bi titi kawai zan nuna masa. Ya ce sai ya san nisan kafin ya faɗi kuɗin, ga fasinjoji biyu a ciki suna jira, ɗaya ta fara cewa a tafi in tsohuwa ba ta san inda za ta ba. Rana ta take, gwiwata ba za ta kai ni da ƙafa ba. Na riƙe ƙarfen motar.

"Yatsa Biyu," na ce.

"To, ai da kin faɗa tun farko, Inna. Hau mu je."